Sakamako ya ƙi fitowa yadda aka zata: me kuka rubuta a babi na huɗu?

Ɗalibar digiri na biyu, fannin noma:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni. Na gwada garin ganyen darbejiya a kan ƙwaron da ke huda wake a ajiya, ina sa ran waken da na barbaɗa wa garin zai fi wanda ban sa wa komai ba lafiya. Da na zuba alƙaluman a manhajar ƙididdiga ta SPSS, sai p, lambar da ake dubawa kafin a ce akwai bambanci tsakanin rukunai, ta haura iyakar 0.05 da aka saba amfani da ita. Babi na ɗaya zuwa na uku sun wuce tuntuni, na huɗun ne ya tsaya mini a wuya. Wata ƙawata ta ce in ɗan taɓa lambobin, wai kowa haka yake yi.

Malamin jami'a:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki taɓa ko ɗigo. Ɗalibai da yawa sun zo mini da wannan fuskar, kamar an yi musu rasuwa, alhali aikinsu lafiya lau. Idan p ta haura 0.05, ba a ce darbejiya ba ta aiki ba. Abin da aka ce shi ne alƙalumanki ba su isa su nuna bambancin ba. Ita kanta 0.05 ɗin ba wahayi ba ce. Ronald Fisher ne ya yayata ta a 1925, lokacin yana aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, kuma a 2016 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa tana jan kunne kan a daina yanke hukunci da p kaɗai. A babi na huɗu ki kawo yawan kwantenan da kika yi amfani da su, matsakaicin waken da ya hudu a kowane rukuni, da yadda lambobin suka warwatsu. Iyakarta ke nan. Dalilai da "wataƙila" ki ajiye su sai wurin tattaunawa.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje:
Nawa akasin naki ne, Hajiya. Ruwan rijiyoyin wani ƙauye muka auna, kusan kowace kwalba ta nuna E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna bayan gida ya gurɓata ruwa, ga shi ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. Mun tura wa wata mujalla. Mai bitar bai yi musun lambobinmu ba, tambaya ɗaya ya yi da ta mayar da mu baya: da damina kuka ɗebo ko da rani? Duk a watan Agusta muka ɗebo, lokacin da ruwan sama ke kwaso ƙazanta ya zuba a rijiyar da ba ta da murfi. Dole muka rage bakin maganar, muka rubuta cewa sakamakon na damina ne. Abin da ya fi ba ni wuya kuma shi ne ranar da muka koma ƙauyen. Mai unguwa ya saurari bayanin jadawali har ƙarshe, ya gyara zama, ya ce, "To Malam, mu sha ko kada mu sha?" A nan na zauna a kan tabarma na rubuta musu rabin shafi da Hausa: a tafasa na sha, a yi wa rijiya murfi, a daina ajiye guga a ƙasa.

Wani daga Maraɗi:
Ni dai ƙaramin abu ne ya kusa kashe mini aiki. Mu a tsarin Faransanci 0,05 muke rubutawa da waƙafi. Da na aika wa abokin aikina na Najeriya fayil ɗin Excel, kwamfutarsa ta ɗauki lambobin a matsayin rubutu, lissafi ya rikice. Ki duba naki da kalkuleta kafin ki yarda da na'ura.

Tsohuwar ɗaliba:
A ranar kare kundinmu, malamin da aka gayyato daga waje bai ko buɗe babi na biyu ba. Littafin da ake rubuta awo a lab ya ce a kawo. Wani ɗan ajinmu da ya kai aikinsa shagon buga takardu aka gyara masa lambobi, gumi ya rinƙa yi, don na littafin daban, na kundin daban. Sai da ya ƙara zango. Amma gaskiya, Malam, ba kowane sufabaiza ne irinku ba. Akwai masu mayar da babi da jan biro idan ba su ga "akwai bambanci" ba.

Malamin jami'a:
Akwai su, ban musa ba. 'Yata, ki je masa da littafin awon a hannu, ba da jadawali kawai ba. Sannan ki faɗa mana: nawa ne garin da kika sa a kowane kilo na wake, a inuwa kika shanya ganyen ko a rana, kuma kin auna danshin waken kafin ki rufe? Idan da sauran wake, ki ƙara rukuni guda a buhun PICS mai ninki uku, wanda ke hana iska shiga, ki samu abin kwatantawa da aka riga aka san yana aiki.