A taimaka da suna kafin gobe: sukarin da ke taso wa mata masu ciki

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Gobe ƙarfe 10 na safe za mu naɗi shirin lafiyar mata, har yanzu ban samu sunan da zan ba abin da likitoci ke kira gestational diabetes ba. Wata mai sauraro ce ta turo saƙo, cikinta wata bakwai, aka faɗa mata a wajen awo. Tun ranar barci ya ƙaurace mata, tuwo ma ta daina ci. Na rubuta "ciwon sukari na ciki", furodusa ya ce shi ya ɗauka ciwon tumbi nake nufi. Ina son suna gajere wanda ba zai ƙara tayar wa mace hankali ba.

Baban Sadik: Ciwon sukarin masu juna biyu. Meye abin wahala a nan?

Anti Ungozoma: Wa alaikumus salam. Baban Sadik, akwai wadda ta shiga ciki da sukarinta tun tuni, ita ma mai juna biyu ce. Wannan kuwa cikin ne ya taso da shi. Kulawarsu ba ɗaya ba ce.

Ummi Gwale: Zaƙin ciki fa? Ai tsofaffi sun riga sun ba mu kalmar.

Anti Ungozoma: Ummi, don girman Allah kada wannan ya fita a rediyo. Zaƙi a bakin mata wani abu ne daban, shi ne wanda ake cewa yana tare haihuwa, ake dafa wa mace jiƙe-jiƙe masu ɗaci in cikinta ya tsufa. Kika ce "zaƙin ciki", wallahi washegari uwar miji za ta ɗora tukunya, awo kuma ya ƙare ke nan. Mu da muke fama a daina ɗirka wa masu ciki abin da ba a san adadinsa ba.

Maman Ilham, tsoron mai saƙon nan na san shi. Mace za ta zauna a gabana, takardar gwaji a hannu ta nannaɗe ta kamar taba, ba ta tambayi komai game da kanta ba, sai "Anti, ɗan zai rayu?" In kika bi diddigi, akwai wani a danginsu da aka yanke wa ƙafa saboda sukari, shi take gani. Abin da nake fara faɗa shi ne ba laifinta ba ne. Mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, jikin wata ya iya cike gurbin, na wata ya gaza. In mabiyiyar ta faɗi, galibi sukarin yakan sauka.

Malam Nahawu: To kun ji. Ya zo da ciki, ya tafi da ciki. Sunansa BAƘON SUKARI. Kalma biyu, tsarin mallaka na Hausa tsantsa, ga kwantar da hankali a cikinsa, don Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Hajiya ki rubuta kawai.

Maman Ilham: Kai Malam, wannan ya yi daɗin faɗa.

Likita Bintu: Daɗin nasa ne matsalar. Malam, in ka ce wa mace baƙo ne, ba za ta dawo gwajin bayan haihuwa ba, alhali muna son ganinta tsakanin mako 6 zuwa 12 mu tabbatar ya sauka. Yakan dawo a ciki na gaba, kuma wadda ta taɓa yinsa ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon sukari nau'i na 2 nan gaba. Ko a watannin da yake nan, in aka yi sake da shi jariri kan yi girma ya wuce kilo 4, naƙuda ta yi wuya, ko sukarin jaririn ya faɗi bayan an haife shi.

Malam Nahawu: Likita, suna ba takardar asibiti ba ce. Farar masassara fara ce? Suna alama ne, bayani aikinku ne. Kun bar mana harshe ku riƙe allura.

Likita Bintu: Ni nake zama da wadda ta ji sunan, Malam.

Baban Sadik: Ni dai a kasuwa "ciwon suga" nake ji. Wa ke cewa sukari in ba 'yan jarida ba?

Malam Nahawu: Suga! Sukari ya shigo mana ta Larabci tun kafin Bature ya san hanyar Kano, yanzu a ce mu ajiye shi mu ɗauki na jiya? Wannan shi ne ciwon da ya fi na sukarin. Ɗan boko in bai cusa Turanci ba gani yake bai waye ba.

Baban Sadik: Ranka ya daɗe, shi Larabcin a Daura aka haife shi? Aro aro ne. Da wayar da kake rubutun nan me kake kiran na'urar da ke caja ta?

Ɗan Damagaram: Ku dai 'yan Kano kullum ku ne ma'auni. Rediyon Hajiya ana kama ta har wajenmu. Nan a likita "diyabet" ake cewa, tsohuwa ta ƙauye ma ta san shi. Sukari kowa zai gane, suga kam sai ku.

Malam Nahawu: Diyabet kuma? An gudu daga Ingilishi an faɗa Faransanci.

Ɗan Damagaram: Ban ce a sa shi ba, Malam, na ce akwai mu. Kuma Likita, in za a faɗi lamba a iska a kula, takardunmu da giram ake rubutawa, matata 0,92 aka nuna mata.

Likita Bintu: Gaskiya ne, abu ɗaya ne. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013 ya fara daga 5.1 in ba a karya ba, shi ne 92 a wasu na'urori, shi ne 0,92 naku. Shawarata kada a karanta lambobi a shirin, ruɗa mutane za su yi. A ce dai gwajin ana yin sa tsakanin mako 24 da 28, mace ta zo ba ta karya ba, a ɗebi jini, ta sha ruwan gulukos giram 75, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da awa biyu.

Maman Ilham: Jama'a magariba ta kusa, ni ban da suna.

Ummi Gwale: Tunda an kashe min zaƙi, ga wani. Muna cewa hawan jini, ba wanda ya suma don ya ji. Me zai hana hawan sukari na goyon ciki?

Anti Ungozoma: Wannan zan iya faɗa wa mace a ɗakin awo. Abin da ya hau ana iya sauke shi, daga nan sai in shiga maganar abinci. Kuma Maman Ilham ki roƙi mai saƙon ta koma cin abinci, yunwa ba magani ba ce. Ta rage malmalar tuwo da shinkafa, ta yawaita miyar ganye, wake, ƙwai, kifi, zogale. Lemon kwalba da kunu mai sukari ta haƙura da su. In ta ci ta ɗan zaga tsakar gida. Awo na gaba ta je da maigidan, shi ke cefane, ya ji da kunnensa. In aka kai ga ba ta ƙwaya ko allurar insulin, ba alamar ta gaza ba ce.

Likita Bintu: Hawan sukari alama ce, ba sunan cuta ba, amma ya fi baƙon. Sharaɗina, a bar ni in ce "ciwon sukari" ko sau ɗaya ne a cikin shirin, don shi za ta gani a katinta.

Malam Nahawu: Kalma biyar. Kun gina jimla kun kira ta suna. Goyon ma na baya ne, renon ciki ya fi daidai.

Baban Sadik: Malam ya fara gyara shi, ya karɓa ke nan.

Malam Nahawu: Ban karɓa ba. A ajina baƙon sukari zan koyar, shekara goma mu ga wanda ya rayu.

Maman Ilham: Na tura wa furodusa "hawan sukari lokacin goyon ciki". Ya ce ya yi tsawo a tallan shirin amma zai wuce da shi haka. Likita, ƙarfe tara da rabi nake jiranki. Anti, zan kira ki anjima ki maimaita min maganar mabiyiyar a hankali in rubuta.