Shawarwarin malamai kan jarrabawar saurare da karatu ta GCSE a Ingila

Malaman Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci da suka tattauna kan GCSE, jarrabawar da ɗaliban sakandare ke yi a kusan shekara 16, sun fi tsayawa kan batun mataki, domin kowane ɗalibi yana zama ɗaya cikin biyu: matakin farko, wanda sakamakonsa bai wuce maki 5 ba, ko na sama, wanda ke kaiwa har 9. Sun yi gargaɗin cewa tura ɗalibi mai rauni zuwa matakin sama kasada ce, tun da wanda ya kasa kai ƙaramin makin da aka yanke a can yana iya tashi babu komai. A ganina wannan gargaɗin ya fi sauran nauyi.

Saurare da karatu kowanne yana ɗauke da kashi 25 cikin ɗari na sakamako. Iyakar kowane maki kuwa, wato adadin da ɗalibi zai ci kafin ya samu 5 ko 9 misali, hukumomin jarrabawa irin su AQA da Edexcel ba sa tsayar da ita sai bayan an gama gyaran takardu, saboda haka bai kamata a dogara da iyakar bara kamar ba ta sauyawa ba.

Game da sabon tsarin da aka fara koyarwa a 2024, wanda ya shigo da shifta tare da ƙayyade kalmomi 1,200 ga matakin farko da 1,700 ga na sama, malaman sun ba da shawarar a riƙa horar da kunne kan sauti da rubutunsa. Yaron da ya ji kalmar Faransanci «vert» (kore) amma ya rubuta «verre» (gilashi), wadda sautinsu ɗaya, yana iya rasa maki ko da ya fahimci jimlar.