Masu aikin gidan tsofaffi, ku zo mu yi maganar rabon magani

Maman Biyu

Slm 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a gefen Manchesta, sai watan jiya manaja ta yarda in fara rabon magani ni kaɗai, bayan ta tsaya a kaina sau uku tana kallon yadda nake yi. Toh shekaranjiya wani abu ya faru da har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Rabon ƙarfe takwas na safe ne, akwai wata tsohuwa 'yar shekara 88 mai ciwon mantuwa, na zuba mata ƙwayoyinta biyar a ɗan kofi na miƙa mata da ruwa ta watsa a baki, daidai nan ƙararrawar ɗakin kusa ta ɗau kuka, ni kuma kawai na sa hannu a takardar MAR, wato takardar da ake rubuta duk maganin da aka ba mutum, na kulle tiroli na yi gaba. Da yamma mai shara tana ɗaga kushin ɗin kujerarta sai ga ƙwaya biyu a naɗe cikin tishu, ɗaya ta hawan jini ɗaya ta tsinka jini. Wlh sai da shaiɗan ya raya min in wurga su a shara in ja bakina, tunda mai sharar ma ba ta san na yaushe ba ne. Na dai daure na kai wa siniya, wato babbar ma'aikaciyar da ke kanmu, aka buga wa likita, aka rubuta rahoto, aka kira 'yarta aka gaya mata. Likita ya ce kar a ninka mata, a ci gaba da na gobe kamar kullum a riƙa sa mata ido. Ba a kore ni ba, amma an cire ni daga rabo sai na sake tirenin. Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar ku ba mu labarin abin da kuka gani, ko ni kaɗai ce mai wannan wautar?

Nas ɗin Dare

Wslm. 'Yar'uwa ki gode wa Allah, naki mai sauƙi ne, kuma abin da kika yi daga baya shi ne daidai. Kuskurenki ɗaya, kin sa hannu kafin ki ga ta haɗiye. Sa hannu a MAR shaida ce cewa kin ga maganin ya wuce maƙogwaro da idonki, masu mantuwa kuwa sun ƙware wajen ɓoye ƙwaya a kumatu.

Bari in ba ki nawa. Shekara ta ta biyu a Ingila, na karɓi aikin dare aka ce min wani dattijo mai ciwon daji yau barci kawai yake yi, ko abincin yamma bai ci ba. Na shiga na kira sunansa da ƙyar ya motsa, na ƙirga numfashinsa bai wuce takwas a minti ɗaya ba, na haska idonsa na ga baƙin ya tsuke kamar kan allura. Mutumin yana kan filastar fentanil, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, wadda ake liƙawa a fata ana canzawa duk awa 72. Sabuwar tana damtsensa an rubuta kwanan wata a kai, lafiya lau. Da muka juya shi ni da abokiyar aikina sai ga tsohuwar filasta a ƙasan allon kafaɗarsa ba a cire ba, wadda ta canza ta duba ba ta gani ba ta ɗauka ta faɗi wajen wanka. Ga shi kuma ɗansa ya kawo masa robar ruwan zafi ya sa masa a baya saboda sanyi, zafi kuwa yana sa fata ta zuƙi maganin da sauri. Muka ɓare, muka kira 999, masu motar asibiti suka yi masa allurar naloksan mai karya ƙarfin maganin ya farfaɗo. Tun daga ranar ba na liƙa sabuwa sai tsohuwar tana hannuna, in naɗe ta gida biyu wajen gam ɗin ya haɗe, sannan in yi alama a zanen jikin mutum da ke fayil ɗinsa cewa ga inda na sa ta yau.

Su irin waɗannan magunguna masu ƙarfi, su mofin da fentanil, akwatinsu daban ne na ƙarfe a kafe jikin bango, da rajistarsu daban, mutum biyu ke sa hannu. A gidanmu duk canjin aiki sai an ƙirga, in ƙwaya ɗaya ta yi ƙafa babu mai tafiya gida sai an gano inda ta shiga.

'Yar Zariya

Innalillahi, jikina har ya yi sanyi. Mu a wajenmu mai rabo jar riga take ɗorawa an rubuta kar a dame ta, amma wa ya damu? kina tsaka da ɓallo ƙwaya wannan zai ce ina makullin sito, waccan ta ce zo ki kama min mu ɗaga wance, ga 'yan ziyara. Da farko kunya take hana ni cewa a'a, kin san tarbiyyarmu babba ba ya yi miki magana ki share shi. Yanzu kam na koyi ɗaga hannu kawai ba tare da na ɗago kai ba.

Ummu Sadik

Ni abin da ya buɗe min ido maganar lokaci ne. Da na zo ina ganin takwas da tara ai duk safiya ce. Akwai wani tsoho mai cutar Parkinson da yake shan lebodofa sau biyar a rana, nasa lokutan daban da na kowa, akwai na ƙarfe 11 wanda bai faɗo cikin rabon safe ko na rana ba. Ran nan muna da ƙarancin ma'aikata, ban tuna ba sai sha biyu saura. Na same shi a bakin ƙofar banɗaki ya ƙame riƙe da sandarsa, ƙafar ta ƙi ɗaguwa kamar an kafe ta da ƙusa, yana son magana muryar ba ta fita, ya riga ya jiƙa wandonsa. Mutumin da da safe yake tsokanata wai Najeriya ba su iya ƙwallo ba. Kallon da ya yi min har yau ina ganinsa. Ashe maganin nan bai kamata a wuce minti 30 daga lokacinsa ba. Yanzu ƙararrawa nake saitawa a wayar aiki saboda shi kaɗai.

Haka na ƙarfin ƙashi ɗin nan, alendironet, sau ɗaya a sati, da sassafe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, kuma mutum ya zauna a miƙe rabin awa kar ya kwanta don yana ƙona maƙoshi. Masu aikin dare ne suke ba da shi a wajenmu, shi ya sa aka fi mantawa da shi.

Ɗan Dawanau

Ni dai ina Kano, kun san mu nan ka ce za ka kai tsohuwarka gidan tsofaffi ai sai dangi su yi taro a kanka. Amma wlh duk abin da kuke faɗa yana faruwa a ɗakunan iyayenmu, bambancin kawai mu ba mai rubutawa. Innarmu tana da hawan jini da suga da ciwon gwiwa, magungunanta a wata baƙar leda suke a ƙarƙashin filo. Ta fara jiri, ran nan ta tashi alwalar asuba ta yanke jiki ta faɗi. Da na zazzage ledar a gaban likita sai ga amlodifin, maganin hawan jini, kala biyu, kwali daban sunan kamfani daban, ɗaya ni na sayo ɗaya ƙanwata ta aiko daga Abuja, matata tana ba ta nawa da safe, matar yayana tana ba ta ɗayan da daddare, kowacce tana ganin ita ce mai kula da Inna. Ga kuma na ciwon jiki da take aiken jikoki kemis su haɗo mata, ga wani jiƙo a gora da maƙwabciya ta kawo. Likitan ya riƙe kai kawai.

Yanzu mun sayi ɗan akwatin nan mai gida bakwai, ni nake zubawa duk Juma'a bayan masallaci, mutum ɗaya ce ke ba ta, akwai littafin makaranta mai shafi 40 da ake yin alama. Rigimar da aka sha kafin a cire hannun ɗaya daga cikin matan kuwa, wannan labarin wata rana ne.

Anti Mai Famasi

Ɗan Dawanau Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya saka muku. Ka binciki haɗin kemis ɗin nan da kyau, yawanci akwai dikulofenak ko ibufurofen a ciki, ga tsoho mai hawan jini da suga suna taɓa ƙoda suna kawo gyambon ciki, har su hana maganin hawan jinin aiki. In kuma gilibenkilamaid take sha na suga, ku koma wajen likita kafin azumi, yana faɗar da sugan tsofaffi sosai in ba su ci abinci ba.

Ku kuma na nan Ingila, ni ce nake can ɗaya ɓangaren, famasin da ke haɗa wa gidaje maganin wata. Abin da ya fi ɗaga min hankali daka ƙwaya. Wata ta taɓa bugo min waya tana tambaya cikin raha wai akwai dabarar daka wata ƙwaya, ta yi tauri cokali ya kasa. Da ta karanto min sunan sai da na miƙe tsaye, mofin ne irin mai narkewa a hankali cikin awa 12, in kika daka shi duka zai shiga jini lokaci guda. Duk kwalin da kika ga MR ko SR ko XL a jikin sunan, alamar mai narkewa a hankali ke nan, kar ki daka kar ki bari a tauna, ki bugo mana, sau da yawa akwai na ruwa. Ɓoye magani a cikin abinci ma ba hukuncinki ba ne ke kaɗai ko da niyyarki mai kyau ce. Mai hankalinsa in ya ce ba ya sha, haƙƙinsa ne, ki rubuta ya ƙi ki sanar. Wanda ba ya iya yanke wa kansa hukunci kuma, dokar Ingila ta 2005 kan irin waɗannan mutane ta ce sai an auna shi, sannan ƙa'idar aiki ita ce a zauna da likita da mai famasi da iyali a amince a rubuce.

Sauran a gurguje, sanyin firij ɗin magani tsakanin digiri 2 da 8 na Salshiyos, a duba kullum a rubuta. Maganin ɗigawa a ido da biron insulin ku rubuta ranar da kuka buɗe, yawancinsu kwana 28 ne. Metotireksat, na ciwon gaɓɓai, sau ɗaya ne a SATI, an rasa rayuka saboda an ba da shi kullum. Farasitamol ma da muke rainawa, tsohuwar da ba ta kai kilo 50 ba sau da yawa ba a ba ta biyu-biyu sau huɗu a rana, ku duba nauyinta na ƙarshe ku tambaya.

Baƙon Landan

Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba a so. Kowa yana cewa ka faɗa ka faɗa, amma wanda bizarsa take hannun mai gidan ya san abin da nake nufi, in aka sallame ka kwana 60 gare ka ka samu wani mai ɗaukar nauyi, ga iyali ga bashin da ka ci ka zo. Ni na taɓa zuwa da safe na ga gurbi babu sa hannu a rabon daren da na yi, kuma wlh ban tuna ko na bayar ko ban bayar ba, na ɗau biro na cike. Ba abin da ya samu matar, amma sati biyu ina leƙa ta kamar ɓarawo. A gidan da nake a lokacin cike gurbi kafin masu bincike su zo ba baƙon abu ba ne, siniya da kanta take zagayawa da biro. Na bar wajen.

Nas ɗin Dare

Malam na fahimce ka, ba wanda zai ce tsoron nan ƙarya ne. Amma da ka ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali ka haɗa da lissafin takarda, cikin minti biyu za ka san ko ka bayar. Ni a iya zamana ban ga wanda aka kora don ya kawo rahoton kuskurensa ba, amma na ga wadda aka kora saboda sa hannun ƙarya, ƙirga ce ta tona ta. Irin gidan da ka baro kuma ana iya sanar da CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen kula a Ingila, ba tare da ka faɗi sunanka ba.

Maman Biyu

Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya bar zumunci. Alhamis zan sake tirenin ɗin. Jiya na raka siniya rabo ina kallo, da muka zo kan tsohuwar tawa sai na ga ɗaya bayan ɗaya take ba ta, tana janta da hirar karenta da ya mutu tun tuni, a ƙarshe ta ce mata buɗe baki in ga haƙoran nan masu kyau, ta buɗe tana dariya, sai ga 'yar farar ƙwaya a maƙale a gefen dasashi. Anti Mai Famasi wannan ƙaramar ce kullum take maƙalewa, gobe in na shiga zan duba sunanta in turo miki ki gaya min ko akwai na ruwa, sai in kai wa manaja maganar.