Muhawara: Shin Gregg Allman ya ci amana a 1976?

Aminu: Jama'a, ni har gobe abin da Gregg Allman, mawaƙin ƙungiyar kiɗan Amurka ta Allman Brothers, ya yi yana ci mini rai. Murya kam Allah ya ba shi. Amma a 1976 ya tsaya gaban kotu a Macon, jihar Jojiya ta Amurka, ya ba da shaida kan Scooter Herring, mai yi masa hidima a tafiye-tafiyen wasa, cewa shi ke kawo masa hodar ibilis. Aka yanke wa Herring shekara 75, shi kuwa ya koma gida. In wannan ba cin amana ba ne, mene ne?

Malam Sani: Aminu, a bi a hankali. Masu gabatar da ƙara na tarayya ne suka titsiye shi: ko ya buɗe baki a ba shi kariya, ko tuhumar ta hau kansa. Kuma hukuncin bai tsaya ba, kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi.

Aminu: Malam, ai abokan kiɗan Gregg ma kallon maci amana suka yi masa. A shekarar ƙungiyar Allman Brothers ta watse.

Binta: Ƙanena, bangon ya daɗe da tsagewa kafin maganar kotu. Yayansa Duane, gwanin jita da ya haɗa ƙungiyar a 1969, ya mutu a hatsarin babur a Macon cikin Oktoban 1971, yana da shekara 24. Shekara na zagayowa Berry Oakley, mai kaɗa jitar bass a ƙungiyar, ya bi shi, shi ma a kan babur, layuka kaɗan daga wurin. Mahaifin su Duane kuwa tun Gregg na ɗan shekara biyu aka harbe shi. Wallahi in na saurari muryarsa a kan abin kiɗan nan na Hammond mai kama da piyano, maraicin nake ji. Ga shaye-shaye ya ci kowa a ƙungiyar, ga shi ya auri mawaƙiya Cher a 1975 ya tare a Los Angeles, sauran suna Jojiya.

Aminu: Yaya Binta, ina tausayinsa. Amma shi ya sha, wani ya ɗauki laifin.

Malam Sani: To ka duba waɗanda abin ya shafa. Dickey Betts, mai kaɗa jita a ƙungiyar, da ya fi kowa fushi ya dawo sun yi wasa tare kafin 1980. Bayan sun sake watsewa, suka sake haɗuwa a 1989, ƙungiyar ta kai 2014, shekara 3 kafin rasuwar Gregg.

Aminu: Su ƙungiya suka rasa, kuma ta dawo musu. Herring ne ya kwana a gidan yari, Malam. Ni a nan na tsaya.