Neman shawara: RX-8 tana shan baƙin mai, ga zafi a cunkoso

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka. Mazda RX-8 ce ƙirar 2005, na karɓa a hannun ƙanen matata da ya shigo da ita daga Kwatano. Dama yana riƙe da kuɗina na wani fili a Rijiyar Zaki da cinikin bai faɗa ba, manya suka ce in karɓi mota a kashe magana saboda zumunci. Yanzu kullum cikin ƙarin baƙin mai nake, da safe tana hayaƙi, jiya kuma a cunkoson Kurna allurar zafi ta haura har na faka a gefe. In na kashe ta da zafi ba ta tashi sai ta huce. Bakanikena ya ce oyil sil ne, a sauke inji. Maiɗakina ba ta ma san halin da ake ciki ba.

Ɗan Gwammaja: Wa ya aike ka? Ni ma haka wani dillali ya manna mini mota, ya rantse wai wata hajiya ce ke hawa, ko wata ba a yi ba giya ta zauna. Har yau in ya hango ni sai ya canza layi. Sayar ka nemi Corolla.

Injiniya: Malam, hayaƙin wane launi ne? Wannan injin ba shi da fistin, rota biyu ne masu kusurwa uku suke juyawa. Da gangan yake feshin baƙin mai a ciki don sil ɗin kan kusurwoyin ya samu santsi, saboda haka ɗan shan mai ɗabi'arsa ce. In hayaƙin shuɗi ne mai yawa, zoben mai na gefen rota ya gaji. In fari ne kuma ruwan lagireto na raguwa, robar ruwa ce ta tsakanin sassan injin ta ƙone, kuma zafi ne ke cinye ta, don alminiyam da ƙarfe ne aka jera, kowanne da yadda yake buɗewa in ya gasu. Ƙin tashi da zafi kuwa yawanci kwamfireshan ne, wato ƙarfin matse iska a cikin inji, ya faɗi.

Oga Na Ƙofar Ruwa: Dogon turanci. A cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, ka riƙa zuba ɗan man babur mai hayaƙi a tanki. Shi kenan.

Injiniya: Man babur ɗin masu irin motar na yi, ban musa ba. Amma cire tamostat ɓarna ce. A duba kular mai, wato ɗan lagireton da ke sanyaya baƙin mai, da ke bayan bamba ta gaba, ƙurar hunturu na toshe ta. Kuma kada wanda bai taɓa buɗe irin injin nan ba ya sa masa sifana.

Baban Ummi: Ai tamostat tun ranar farko bakanikena ya cire, kuma mutumin nan tun zamanin mahaifina yake mana gyara, ya san aikinsa. Ruwa ma fiya wata nake zubawa, ba na rijiya ba. Ƙanen matata kuma ba zai cuce ni ba, a daina kawo maganar dillalai.

Maman Walid: Yaya, ni dai ka fara gaya wa matarka, kada ta ji a bakin ƙanenta.

Injiniya: Fiya wata ba ya hana tsatsa, kulan ake zubawa, wato ruwan lagireto mai magani. Har yanzu ba ka faɗi launin hayaƙin ba.

Baban Ummi: Da asuba nake tayar da ita, ba na tsayawa kallo.

Ɗan Gwammaja: In za ka rabu da ita a haka, nawa ƙarshe? Akwai wani yarona da ke son tayoyin.