Kiran koyot da yanyawa: fita bakwai ban harba ko sau ɗaya ba, ina kuskuren yake?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah a taimaka min da shawara don abin ya fara ba ni haushi. Ina Pennsylvania, akwai wani manomi da nake ɗan taya aiki, koyot, wato dilan nan na Amurka, sun kashe masa 'yan raguna biyu, yanyawa kuma ta addabi kajinsa, shi ne ya ce in zo in yi farauta a gonar. Na zuba kuɗi na sayi na'urar kira ta FoxPro mai rimot, wadda ke fitar da kukan dabbobi don ta jawo su, na fita sau bakwai, wallahi ko harsashi ɗaya ban saki ba. Yadda nake yi, ina ajiye mota bakin shinge, in zauna gindin itace na'urar tana gefen ƙafata, in fara da dogon kukan koyot da ƙarfi don na nesa su ji, sannan in sa kukan zomo, in minti goma ya wuce shiru sai in tashi in sake wuri. Sau ɗaya ne kawai na hangi wani can bakin daji, ya tsaya ya ɗaga hanci sama ya juya, shi kenan. Ko dai na'urar ce ba ta da kyau in mayar musu?

Tsohon_Maharbi_Texas:
Wa alaikumus salam. Ƙanena bar na'urar nan ta huta, ba ta yi maka laifin komai ba, wanda ya ɗaga hanci ɗin nan ai ya riga ya ba ka amsa, warinka ya shaƙa. Ba a banza ake ce wa dila malamin daji ba, kunnensa za ka iya yaudara, idonsa ma haka in ka zauna ba motsi, amma hancin nan babu dabara. Ɗabi'arsa ce in ya ji kukan zomo ba ya zuwa kai tsaye, sai ya kewaya ta inda iska ke kai warin abin da ke kukan don ya tabbatar, kai kuma ka ajiye na'ura gefen ƙafarka, kenan kiransa kake ya zo ya shinshina ka.

Kafin ka zauna ka debi busasshiyar ciyawa ka watsa sama ka ga inda ta nufa. Na'urar ka kai ta yadi 40 zuwa 50 ta ɓangaren da iskar ke fitowa, ka koma ka zauna ɗan gefe yadda filin da iskar ke tafiya yana buɗe a gabanka, don nan zai ɓullo, ba wajen sifika ba. Rana ta kasance bayanka, ka jingina da kurmi ko itace, kar ka zauna kan tudu sararin sama na bayanka. Motar ma ɓoye ta, kar ka buga ƙofa, ni tura ta nake da gwiwa a hankali. Kuma minti goma ya yi kaɗan, ka ba shi 20 zuwa 30, ka fara da murya ƙasa-ƙasa don wataƙila akwai wanda ke kwance kusa da kai, in ka ƙure ƙara tun farko ka kore shi.

Wani abu da ba za ka so ji ba, gonar nan fita bakwai da kuka iri ɗaya, ka riga ka karantar da su. Ka ƙyale ta sati biyu ko uku.

Mai_Usur:
Duk abin da Baba ya faɗa haka yake, sai dai Baba a yi min afuwa, filin Texas daban dajin Pennsylvania daban, koyot ɗin gabas ya fi girma, akwai jinin kyarkeci a jikinsa, kuma ba kasafai yake yarda ya fito fili da rana tsaka ba, ta cikin itatuwa yake bi, shi ya sa mu nan asuba ko dab da magariba ko da dare muka fi samu.

Ni abin da ya tsaya min a rubutunka shi ne kana son yanyawa amma kana buɗewa da kukan koyot. Malam koyot kashe jar yanyawa yake in ya kama ta, tana jin muryarsa ba za ta leƙo ba ko me ka sa bayan nan. Ka zaɓi ɗaya a kowane zama. In yanyawa ce ka sa siririn kuka, na ƙaramin zomo ko tsuntsu, ko ma ka tsotsi bayan hannunka ya ba da tsuwwar ɓera, wannan kyauta ne ba batir ba komai, kuma in za ta zo yawanci ba ta daɗewa. Yanyawa mai ruwan toka kuwa, wadda ke iya hawa itace, ita ba ta da kunya sam, akwai ranar da ta shigo min a guje har ta taka jakata, ina riƙe da bindiga mai madubi ban ga komai ciki ba sai gashi, tun ranar in cikin kurmi ne shotgan, bindiga mai watsa ƙananan harsasai, nake ɗauka. Dogon kukan koyot ka adana shi zuwa Janairu da Fabrairu, lokacin barbararsu, a lokacin ne suke zuwa neman mace ko korar baƙon da ya shigo musu yanki.

Bebeji_Ba_Surutu:
Ba wanda ya yi maganar takarda. A Pennsylvania yanyawa tana da lokacinta, daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu, kuma lasisin masu farautar fata ake buƙata, na farauta gama-gari bai isa ba. Koyot ne ake bugawa kusan duk shekara, shi ma akwai sharuɗɗa lokacin farautar barewa. Izinin manomi ba zai cece ka a hannun jami'in gandun daji ba, ka karanta littafin dokokin bana. Kuma kar ka taɓa gawar ba safar hannu, suna ɗauke da ƙazuwa da ciwon haukan kare.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Lasisin na je na ƙaro. Jiya na gwada wata gonar ta maƙwabcin manomin, na kai na'ura gaba kamar yadda Baba ya ce, minti 17 sai ga hankaki sun taso suna ihu, can sai ga koyot yana sassarfa daidai inda iska ke tafiya, jikina na rawa na harba yana cikin tafiya na kuskure shi, sai ƙasa na tayar. Yaya ake tsayar da shi ne?

Tsohon_Maharbi_Texas:
Haushi za ka yi masa da bakinka, wuf, sau ɗaya kamar kare, zai ci birki ya waigo, daƙiƙa biyu ko uku gare ka, don haka bindiga ta riga ta hau kan sandunan da ake ɗora ta a kai kafin ka yi. Wancan kuma manta da shi a kukan zomo, ya sauke karatu, in ka koma gwada masa kukan ɗan kwikwiyo.