Wane mai kuke sawa in kuna huda ƙarfe ko yanka tiredi a gida?

Manomin Argungu:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sana'ar ƙarfe ku taimaka min. Ina da injin ban ruwa guda biyu da nike aikin shinkafar rani da su a fadama, to na gaji da ɗaukar inji a kan mashin zuwa gari saboda noti ɗaya, shi ne na sayi diril na hannu da saitin taf, wato abin yanka tiredi a cikin rami, don in riƙa ƴan gyare-gyare da kaina. Shekaranjiya tiredin wani rami ya cinye a jikin famfon, na ce bari in buɗa shi in yanka sabo, na ɗiga baƙin man da na juye daga injin, ban kai rabi ba sai na ji ƙas, taf ɗin ya karye a ciki. Kafin nan ma bakin diril biyu sunka ƙone min wajen huda ƙarfen da injin ke zama a kai, bakinsu har ya yi shuɗi. Laifin man ne ko hannuna ne? Kuma wane mai ya kamata in nema?

Mai Walda Jega:
Wa alaikumus salam. Malam duka biyun ne. Baƙin mai an yi shi ne don ya hana ƙarfe cin ƙarfe a cikin inji, kai kuma so kake ƙarfe ya ci ƙarfe, ka ga aikinsu ya saɓa. Balle wanda aka juye, duk dattin inji na ciki, hayaƙinshi ba kyau a shaƙa kuma ba a son shi a fata kullum. Jikin irin wanga famfo yawanci alminiyon ne, shi kuma kananzir yake so, don alminiyon yana da danƙo, liƙewa yake a haƙoran taf har ya cushe su. Ka ɗiga kananzir ko ka fesa WD-40 za ka ga bambanci nan take. Amma don Allah ka nisanta gwangwanin da inda ake walda ko gurandin.

Baba Tana Gusau:
Yaro bari in ƙara maka, na daɗe a gaban injin tana. Kowane ƙarfe da abin da yake so. Baƙin ƙarfe na yau da kullum, irin angul da fileti, man yanka ƙarfe na asali ya fi, mai duhu ne mai kauri yana warin farar wuta, ka tambaya wurin masu sayar da kayan fulamba don da shi ake yanka tiredin fayif. Ƙaramar gora za ta daɗe maka tunda ɗigo biyu uku ne a kowane rami. Akwai kuma wanda ake haɗawa da ruwa ya koma fari kamar madara, mu shi muke sawa a les, wato injin tana, saboda sanyaya ƙarfe, amma kai a gida ba ka buƙatarshi, in ya kwana biyu a roba ma ɗoyi yake. Kas kuwa, irin jikin tsohon injin niƙa, a bushe ake huda shi, in ka sa mai garin da ke fita sai ya zama caɓi baƙi ƙirin ya toshe ramin. Tagulla kada ka sa mata mai farar wuta, yana baƙanta ta.

Sai maganar taf ɗinka, wane rami ka huda kafin ka sa shi? Nan mutane ke faɗuwa. Taf M8, wato mai kaurin milimita 8, bakin diril milimita 6.8 yake so, M10 kuma 8.5, M6 biyar cif. In ramin ya yi ƙunci ko man duniya ka zuba sai ya karye. Sannan saitin guda uku ne, ka fara da mai tsinin baki, ka juya rabin zagaye gaba ka ɗan dawo baya har ka ji ɓurɓushin ya katse, lokaci-lokaci ka zaro shi gaba ɗaya ka share da tsohon buroshin haƙori ka sake ɗiga mai. Da ka ji ya yi tauri kada ka matsa.

Manomin Argungu:
Baba Allah ya saka da alheri, wallahi da 8 na huda na sa M10, kuma tun da na fara ban dawo baya ba ko sau ɗaya. To in ban samu wancan man ba nan kusa fa? Wani ya ce min man gyaɗa na yi.

Ummaru Kaura:
Man gyaɗa na yi sosai a baƙin ƙarfe, ni da shi nike huda ƙyauren shago in aiki ya kama ni a ƙauye, kitsen saniya da aka narka ma yana yi a taf don yana kama haƙoran ba ya zuba. Matsalarshi ɗaya in ka bar shi a jikin kayan aiki yana daskarewa ya yi danƙo ya kwashi ƙura, sai ka goge da tsumma da ɗan kananzir in ka gama. Bakin diril ɗinka kuma gudu ne ya kashe su, ka rage gudun ka danna da ƙarfi, ka fara da ƙaramin baki kamar 4 kafin babba. In ka ga ɓurɓushi na fitowa a murɗe kana daidai, in gari ne da ƙara kawai to shafa yake ba yanka ba. Sitenles ma ya fi tsanani, da bakin ya tsaya yana shafa wurin ke ƙara tauri.

Mai Walda Jega:
Shi guntun da ya karye a ciki kada ka ce za ka huda shi da diril, taurinsu kusan ɗaya ne sai dai ka ƙara asarar baki. In ya ɗan leƙo waje kai wa mai walda ya ɗora noti a kai ya ɗana mishi wuta, in ya huce a warware a hankali. In ya nutse ciki ɗauko hoto ka turo mu gani tukuna.